'Yata Ta Faɗa Inda Lissafi Ya Nuna

Malama, ki taimaka mini da shawara, ko da yake na daɗe da fid da rai da shawarar kowa.

A ofishin ƙididdiga na yi aiki har na yi ritaya, ina tara adadin aure da saki na ƙasa shekara bayan shekara. Tun ina da baƙin gashi nake kallon saki yana hawa. Na rubuta rahotanni, manya suka riƙa ɗora kofin shayi a kan takardun. Yanzu wasu yara a rediyo suna murna wai saki ya ragu. Yaya ba zai ragu ba, tunda auren ma an rage ɗaurawa? Ba wanda ya tambaye ni.

Watan jiya autata ta dawo gida da akwatinta da ɗanta, aure ya mutu. Tana tsaye a falo, ko mayafi ba ta cire ba, na ce mata kada ta damu, a shekarun farko aka fi rabuwa, ta faɗa daidai inda lissafi ya nuna. Don in rage mata zafi na faɗa. Tun ranar ba ta sake zama cin abinci da ni ba, jikana ma a ɗaki ake ba shi. Yanzu na ji tana neman ɗakin haya ta waya.

Ni da uwarta mun haura shekara arba'in da aure, kowa da ɗakinsa da rediyonsa, ba wanda ya ji kanmu. 'Yan yanzu gaskiya ce ba sa so. Laifina ne da na san lissafi?

Tsohon Ma'aikaci

Baba, sanin lissafi ba laifi ba ne, kuma na ga da kyakkyawar niyya ka yi magana. Ita ma ya kamata ta gaya maka abin da ya ɓata mata rai maimakon ƙaurace maka. Sai dai a ranar, ubanta ta zo nema, ta tarar da ofis.

Ka duba kuma: aurenka yana cikin waɗanda rahotonka ya ce sun ɗore. A tsakanin rediyoyin nan biyu ta girma. Wataƙila irin wannan ɗorewar ce ta guje wa.

Ka ƙwanƙwasa ƙofarta yau, kafin ta samu ɗakin. Ka ba ta haƙuri, ka tambaye ta abin da ya faru, sannan ka yi shiru har ta gama. Idan ka fito, ƙofar mahaifiyarta ba ta da nisa.

Allah Ya sanyaya zukatanku.