Ni da Waƙa, Bawa da Riga, Tanko da Gidan Yari

Zuwa ga Mai Girma Baturen Daji, mai kula da gandun dajin ƙasar Birnin Gwari.

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi da fatan alheri. Ina fata ka dawo daga rangadi lafiya, kai da mutanenka.

Bayan haka, ranka ya daɗe, ni ne Malam Sule, mai koyar da ajin yaƙi da jahilci a Kuyello. Sau biyu ina zuwa ofishinka masinja yana cewa ka fita. Shi ya sa na rubuta takardar nan a buɗe, na bar ɗaya wurin masinja, na aika wa jarida ɗaya. Akwai wani mutum mai suna Tanko da ke tsare, za a kai shi gaban alƙali a ƙarshen watan nan, kuma ina so ka ji yadda aka yi kafin ranar.

Na ɗaya. Lokacin da aka shata gandun daji aka kafa duwatsun iyaka, sau ɗaya tak aka karanta mana dokar, ita ma da Turanci, tafinta yana bi a guje. Talaka bai riƙe komai ba sai kalmar "an hana". Daga nan wasu dogaran daji suka samu abin yi, suna ƙwace kwandunan mata masu tsintar kaɗanya. Ni na nemi malamin daji ya fassara mini takardar layi-layi, na ga ashe an bar wa jama'a abubuwa da yawa: kaɗanya, ɗorawa, busasshen itace, ciyawar jinka, zuma, da wucewar shanu ta burtali. Abin da aka hana shi ne noma, da sa wuta, da saran ɗanyen itace. Kwana arba'in na yi ina tsara wannan a waƙa, baiti saba'in da biyu, babu wanda ya karye. Ranar kasuwa na sa farar rigata na tsaya na rera. Mutane sun taru da farko. Kafin in gama yabon buɗewa in shiga dokar, babu kowa sai wani tsoho mai sayar da igiya, shi ma don a nan rumfarsa take.

Na biyu. Ina da taubashi mai suna Bawa, ɗan kama ne, irin masu naɗa rawanin tsumma suna kwaikwayon malamai don a yi dariya a ba su na tuwo. Ko sunansa bai iya rubutawa ba. Ya zo zaurena ya zauna yana cin gyaɗata, ya ce, "Malam, karanta mini abin nan da ya kori kasuwa." Na karanta masa don in nuna masa bambancin ilimi da shashanci. Da kasuwa ta zagayo sai ga Bawa ya shimfiɗa buzu ya zama alƙali, abokinsa ɗaya ya zama dogarin daji, ɗaya ya yafa zane ya zama tsohuwa da kwandon kaɗanya. Alƙalin ƙarya ya dubi dogarin ƙarya ya ce, "Kai, kaɗanyar nan kai ka dasa, ko gadonta ka ci? Nuna mini inda takarda ta hana!" Dogari ya kama rawar jiki, tsohuwa ta ɗauki kwandonta ta yi guɗa. Mahauta sun bar nama sun zo kallo.

Ba zan ɓoye abin da ya biyo baya ba, ko da yake faɗinsa yana yi mini ɗaci. Wata mata a Kazage, da dogari na gaske ya kama kwandonta, sai ta ce masa, "Mu je gaban alƙali a nuna mini inda takarda ta hana." Ya sakar mata. Wani Bafillace ya yi haka a bakin burtali, shanunsa suka wuce. Mutane sun ga dogari yana kakkarwa a gaban shari'a da idonsu, ko da a wasa ne, sai suka gane doka tana kan dogari kamar yadda take kansu. Wannan magana tana cikin baitina na arba'in, amma ba wanda ya taɓa kaiwa can.

Na uku. Ranka ya daɗe, za ka tuna ranar da ka zo ka kalli wasan, ka yi dariya har ka cire hularka. Ka ba Bawa babbar riga da keke, ka ce ya zaga ƙauyuka yana wayar da kai. Ba ka tambayi inda jahili ya samo doka ba, shi kuma bai faɗa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ina kishi, kuma ba zan yi wa kishina ado ba. Kullum da safe sai ya biyo ta ƙofar gidana, alhali ba hanyarsa ba ce, ya kaɗa ƙararrawar keke ya ce, "Malam, a sa mana albarka, za mu kai ilimi ƙauye!" Uwargidana tana daka tana maimaita maganganun alƙalin ƙarya, ba ta san baitina ko ɗaya ba. Ɗalibaina manya, masu gemu, sukan tashi ana tsakiyar darasi in sun ji gangar Bawa. Akwai ranar da na kasa cin tuwo saboda rigar nan.

Na huɗu. Da rani ya shigo Bawa ya ƙara wani sashe kan zuma. A ciki abokinsa yana tsayawa ƙiƙam a matsayin itace mai kogo, mai ɗibar zuma ya kasa hawa, sai ya sa gatari, itace ya faɗi yana ihu, ƙudan zuma suka bi dogari da harbi. Alƙalin ƙarya ya yanke hukunci ya ce, "Zuma halalinka ce, yadda duk ka iya ka ɗebo ta!" Nan aka fi yin dariya, kuma nan ne ƙarya take. Doka ta ce a ɗebi zuma, ba ta ce a kayar da itace ba. Tanko, mutumin wata unguwa kusa da mu, mai 'ya'ya biyar, ya kalli wasan sau uku. Ya shiga gandu ya sami maɗaci mai kogo, ya sare shi da rana tsaka, yana waƙa. Da dogarai suka zo ko gudu bai yi ba. Ya ce musu, "Mu je gaban alƙali, ni na san doka." Yau kwanansa goma sha ɗaya a tsare, ga damina ta matso, gonarsa ko shara ba a yi ba.

Na biyar. Da na fara takardar nan, niyyata in tsaya a na huɗu, in bar ka ka tuɓe wa Bawa riga. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kafin ya fitar da sashen zuma, Bawa ya zo gidana ba da wasa ba, ya cire takalmi, ya yi mini shi daga farko har ƙarshe a zaure. Ya ce, "Malam, kai ka san takarda, ni baki kawai gare ni. Akwai gyara?" Na ga kuskuren tun gatari bai sauka ba. Na dubi rigar da ke jikinsa, na ce masa babu gyara. So nake a kama shi da ƙarya a gabanka ya ji kunya. Ban tuna cewa masu kallo suna da gatura na gaske ba. Haushin kaza ne na huce a kan dami, damin kuwa Tanko ne.

Saboda haka ina roƙon abu uku. A ba ni dama in tsaya gaban alƙali in ba da wannan shaida da bakina. Ka sa baki a sassauta wa Tanko ya koma gonarsa, domin bai yi don raina doka ba, ya yi ne don ya gaskata abin da aka nuna masa a kan keken gwamnati. Sa'an nan kada a hana Bawa wasa, a dai gyara sashen zuma, kuma duk sabon abin da zai fitar a karanta masa takarda tukuna. In an ga ban cancanci wannan aiki ba bayan abin da na yi, ba ni da bakin musu, a ba wani malamin.

Har yanzu in na ji ƙararrawar keken nan sai kishin ya taso mini, ban warke ba. Amma matar Tanko ta zo jiya ta durƙusa a ƙofar zaurena, ta ce tun da ni ne masanin doka in taimaka in gano wanda ya jefa mijinta cikin wannan hali. Na ce mata ta je gida, na riga na san shi.

Allah ya ba ka lafiya da basirar yin adalci, ya kare ka daga mashawarta irina.

Wassalam.

Ni ne naka,
Malam Sule, mai ajin manya, Kuyello.