Yatsun Yaya Sani

Daren Talata, Goronyo

Na kasa cin tuwo. Da hantsi Yaya Sani, wanda yak koya min kanikanci, yana gyaran fankar wata motar albasa daga Rimawa, sai direba yat tada inji bai duba ba. Yatsu ukku na hannun dama sunka tahi. Da rigata na ɗaure mishi hannun har asibiti.

Da yaf farfaɗo, sai yac ce, "Bello, da mi zan riƙa sifana in kwance noti yanzu?" Na ce mishi Allah na nan.

Direban na ta rantsuwa bai gan shi ba. Na yarda, amma mi wannan zai gyara? Gobe ni zan sa hannu cikin injin nan, don albasar mutane na ruɓewa.