Sunayen da ke ƙarƙashin murfi

Litinin, 3 ga Oktoba 2022
Wata yarinya daga meri, ofishin magajin gari, ta zo, Husaina. Wai za a mai da tsohuwar masana'antarmu ta man gyaɗa wurin shaƙatawa da wasannin gargajiya. Shekara goma sha tara na yi ina makaniki a ciki, ranar da aka rufe ko sannu ba wanda ya ce mana. Ta ce, "Baba, ku zo ku nuna mana injin da ya kamata a bari." Na ce mata wanda ya bar wuri ya mutu shi ya san inda zai binne shi. Ta sunkuyar da kai ta tafi. Har na ji daɗin bakina.

Juma'a, 7 ga Oktoba
Bayan masallaci Alkasum, abokin aikina na da, ya ce in je in nuna musu injin. Na ce ban iya rawa a kan kabari ba.

Laraba, 19 ga Oktoba
Husaina ta aiko takarda, tana sake tambaya. Matata Falmata ta karanta mini, na ce ta hura wuta da ita. Matar nan ta dube ni ta ce, "Malam, fushin shekara talatin bai ishe ku ba?"

Asabar, 5 ga Nuwamba
An cire injuna. Sun bar babban tankin mai, saboda ya fi kyau a hoto, sun shafe shi da shuɗin fenti. Tankin banza! Injin matsa kuwa, wanda shi ne zuciyar wurin, an ba maƙera.
A ƙarƙashin murfinsa duk wanda ya gama koyon aiki yakan kafta sunansa da ƙusa. Mu arba'in da uku ne. Ba wanda ya san da wannan sai mu, kuma ni kaɗai aka tambaya.

Lahadi, 6 ga Nuwamba
Na bi maƙera rumfa rumfa. Sun riga sun yanka murfin, an yi murhu da shi. A gefen wani murhu na ga rabin sunan marigayi Gana, wanda ya koya mini riƙe sifana. Na ɗauki murhun ina jujjuya shi. Maƙerin ya zaci ciniki nake.

Alhamis, 24 ga Nuwamba
Ba laifin yarinyar ba ne. Sau biyu ta tambaya.

Asabar, 17 ga Disamba
An buɗe wurin. Ban shiga ba, daga bakin titi na tsaya. 'Yan dambe a inda muke sauke buhuna, mata na sayar da fura a ƙofar ma'auni. Wani ya nuna wa 'ya'yansa tankin yana cewa a nan ake matse gyaɗa. Ƙarya a gabana, kuma ni na jawo.

Juma'a, 13 ga Janairu 2023
Kwana huɗu muna zaune da Alkasum muna tuno sunaye. Talatin da takwas muka samu. Na kai wa Husaina takardar, ba ta tuna mini da komai ba, kujera ta jawo mini. Za a rubuta su jikin tankin. Ba wai na yarda da wurin ba ne. Na dai ce mata a bar fili na mutum biyar, kuma ranar Asabar zan leƙa, kada a sake faɗa wa yara ƙarya.