Hocen Inna Dije

Laraba da dare, Bodinga

Har yanzu raina a ɓace yake. Ƙanwata Saratu ta samo tsohon littafin girkin ƙungiyar matan garin nan, ta ɗauki hoton shafin hocen kakarmu, Inna Dije, wato wainar dawar nan da take gasawa, ta saka a waya don tallar abincinta. Ta rubuta wai Inna 'yar gidan malamai ce a Sifawa. Ƙarya! Daga ruga ta fito a Shagari, kuma da ƙwaryar nono a ka ta raini babanmu bayan rasuwar mijinta.

Na ce ta goge. Ta ce, "Yaya, wa ka son jin zancen tallan nono?"

Baba yana cin tuwo a gefenmu. Ya janye hannu daga kwano, bai ƙara loma ba.