Kiran Innarki

Gungun Maje,
3 ga Satumba, 1986.

Zuwa ga ɗiyata Mariyamu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jinjirin da ban gani ba tukuna. Ya jego? Ya mutanen Yelwa? Ni lafiya lau, sai gwiwa.

Dalilin wasiƙar nan tumaki ne. Kin san al'adarmu, tumaki na mata ne, kowace mace da kiran da uwarta ta koya mata. Mu maza namu shi ne kai raguna kasuwa. Da ruwa ya janye, Innarki ta ƙetarar da garkenta zuwa tudun ciyawar burugu kamar kowace shekara, sannan Allah ya karɓi abinsa. Yau kwana arba'in da shida. Yanzu ruwa ya fara dawowa, mashigi ya kai idon sawu. In ya kai ƙirjin tunkiya, shi ke nan, tudun ma nutsewa zai yi.

Na je na kira su har muryata ta dushe. Suka ɗaga kai suka dube ni kamar mai karɓar haraji, suka ci gaba da kiwonsu. In na matsa sai su watse. Shekara talatin ina jin kiran nan kullum, ashe ban taɓa sauraren sa ba.

Kafin a datse kogi gida arba'in ne a gungun nan. Kafin Layya jirage bakwai muke cikawa da raguna, fatake daga Kudu suna jiran mu a bakin ruwa, kowa na cewa ragon gungu ya fi kitse. Da su muka yi rufin kwano, da su kakanki ya je Makka. Ruwa ya cinye fadama, gwamnati ta kwashe wasu, samari suka koma kamun kifi da jirgin inji. Yau gida uku muka rage, babu mace ko ɗaya, don matar maƙwabcinmu Ladan ma ta bi ɗanta zuwa Wara.

Ke kaɗai kika iya kiran. Na san ba a fita da ɗanyen jego, amma ki duba abin da za ki iya. Ki gaida maigidanki.

Ni ne mahaifinki,
Sallau.

Gungun Maje,
12 ga Satumba, 1986.

Zuwa ga Mariyamu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, Cindo mai jirgi ya kawo mini saƙonki. Da na ga kaset ne ba ke ba, gaskiya raina ya ɓaci, har na ce yaran zamani sun mai da ubansu abin wasa.

Duk da haka na ɗauki rikodar Ladan a ka, na shiga mashigi ruwa har gwiwa, na danna. Mariyamu, saura kaɗan in saki rikodar cikin ruwa. Ban san muryarki ta zama tata ba, har ɗan tarin da take yi kafin ta fara. Tsohuwar tunkiyar nan mai yankakken kunne ce ta fara shigowa, sauran suka biyo ta. Duk sun ƙetaro, sai ɗan rago guda da ruwa ya tafi da shi. Ladan yana ta murna, ni kuwa kuka nake, ban ɓoye ba.

Cindo ya ce kin ce in sayar da su in dawo wurinku. Zan duba bayan Layya mai zuwa, kada ki matsa mini.

Abu ɗaya nake roƙo. In zai dawo ran kasuwa, ki ba shi batir shida ya kawo mini. Tumakin suna gida, ba sa zuwa ko'ina, ba sa bukatar kira. Ni ne nake kunnawa, safe da yamma.

Allah ya raya jinjiri, ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Sallau.