Ni Ke Jinyar Kunnen Karena, Maƙwabci Yake Kaɗa Wa Jela

Anti, don Allah ki taimake ni. Ko matata ban iya gaya wa wannan ba, don dariya za ta yi mini.

Ni bakanike ne. Ina da kare mai gadin gareji, Soja, wanda na tsinta yana ɗan kwikwiyo a ƙarƙashin wata tsohuwar mota. Kunnensa na hagu ya hana mu sakat. Sai ya yi ta kaɗa kai, yana susa har jini, ga baƙin ruwa mai wari. Likitan dabbobi ya ba ni maganin ɗigawa. Ni ke matse shi tsakanin gwiwoyina yana kuka, shi ya sa yanzu da ya hango ni da kwalba sai ya shige bayan tayoyi.

Wurin wa yake zuwa? Mai walda na kusa da ni, wanda bai taɓa duba kunnen nan ba. Nasa kawai jefa masa ragowar abinci da fesa masa ruwan tiyo. Jiya na kira Soja a gaban masu kawo gyara, ya kalle ni, ya koma ya ɗora haɓa a ƙafar mutumin. Wallahi sai da na kasa cin abinci. Har gaisuwarsa na daina amsawa da kyau. Saboda haka da na ga warin ya ragu nake ɓoye maganin, ko za mu shirya da karena. Ba a jimawa ciwon ya dawo. Tunanin sa katanga nake yi tsakanina da mai waldan.

Bakanike mai ɓacin rai

Malam Bakanike, ba zan yi maka dariya ba, wanda ya raini abu dole ya ji zafi. Amma kishin nan Soja ke ɗanɗana kuɗarsa. Tafiyar wari ba warkewa ba ce, yanke magani na cikin abin da ke dawo da ciwon, kuma yana iya kai shi ga kurumta.

Ka mayar da shi wurin likita a duba ruwan kunnen, a san irin ƙwayar cutar. Ka tambaya ko wani abinci ke tayar masa. Ka ƙarasa maganin, a sake dubawa. Kada ka zura masa tsinken auduga.

Mai walda ba ƙwace ya yi maka ba, sai dai ruwan tiyon da ke kwanciya a kunne na ciyar da ciwo gaba, shi kuwa bai sani ba tunda ba ka gaya masa ba. Bar zancen katanga, ka je ka gaishe shi. Gobe shi ya riƙe Soja, kai ka ɗumama kwalbar a tafin hannu, ka ɗiga a hankali, sannan tsokar nama ta fito daga hannunka.

Allah Ya ba Soja lafiya, kai kuma Ya sanyaya maka zuciya.