Kyamarar da Na Raba Uku

Bismillah. Ni Adamu mai hoto na Omdurman, ina rubuta wannan hankalina cikakke, ƙirji ne kawai ya gaji. Zuwa ga 'ya'yana Hazim, Muhammad Auwal da Nuha.

Na ɗaya. Gida da abin da ke cikinsa a raba yadda shari'a ta ce. Ba su da yawa, yaƙi ya riga ku rabo.

Na biyu. Tsohuwar kyamarata ta aikin jarida ta cika, alhamdu lillahi. Da ita na ɗauki ministoci tun daga ƙuruciya har furfura, kuma babu wanda alkawarinsa ya kai hotonsa daɗewa. Waɗanda suka fasa shagona ba su san cewa idon gilashinta da gangar jikinta da bayan da ake sa fim abu ɗaya ba ne, sai suka sayar da su a warwatse. Gangar jikin na tsinta a kasuwar kayan sata. Bayan kuwa, wani tela a unguwar Alsahafa ne ke zuba allura a ciki. Idon ya fi wahala, sai a unguwar Soba na same shi, an ɗan kuje gefensa. Farantin da ke tare haske bai samu ba, wani maƙeri a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, ya yanka mini sabo daga tiren shayi. Ranar da na ji ƙarar maɓallinta, nauyi ya sauka daga ƙirjina.

Na uku. Babu wasiyya ga magaji, shi ya sa na bayar da ita kyauta tun ina raye, a gaban liman: gangar jiki ga Hazim, ido ga Muhammad Auwal, baya ga Nuha. Kada wanda ya sayar da nasa. Na zaga kasuwannin, na san ɗaya ba ya aiki sai da sauran.

Na huɗu. Hazim, ka daina cewa ƙaninka ya gudu ya bar shago. Da ya tsaya gadi, da yau kabarinsa nake nema, ba idon kyamara ba. Muhammad Auwal, kai ma girman kai ya isa, ka je ka gaida yayanka. Gwamnati da jarida da abokai duk sun ci amanata, ban ƙara sa rai da kowa ba. Ku kaɗai kuka rage.

Na biyar. Fim ɗaya ya saura, Nuha ta san inda yake. Ranar Sallar farko bayan rasuwata ku haɗu a tsakar gida da matanku da 'ya'yanku, ku harhaɗa ta, maƙwabci ya danna. Nuha, ki zare farantin kafin a danna, in ba haka ba babu wanda zai fito. In wani bai zo ba, babu hoto.

Allah ya yi muku albarka, ya jiƙan mahaifiyarku Asma. Ƙarfe ma da aka warwatsa na tattaro shi da tsufana. Ku da jini ya haɗa, kada ku sa wani ya bi kasuwa yana neman ku.